An ba ni kwas ɗin jitar kilasikal, ɗalibai 17 jita 3, ta ina zan fara?

sabon_lakcara:

Jama'a barkanmu da warhaka. Don Allah masu koyar da kiɗa da ke nan da ma waɗanda suka karanta shi a gida ko a waje ku taimaka min da shawara. Ban daɗe da kama aiki a sashen kiɗa na wata jami'a nan arewa ba, ba sai na kama suna ba, ƙaramin lakcara ne ni mastas kawai gare ni. To da aka zo rabon kwasa-kwasai na wannan zangon sai shugaban sashe ya ce tunda kowa ya san ni da jita ni zan kwashi duk 'yan aji ɗaya da suka zaɓe ta a matsayin kayan kiɗansu, kuma fa ba jitar da ake karkaɗawa a coci ko wajen biki ake nufi ba, ta kilasikal, mai tsirkiyar nailan wadda ake zama a ɗora a cinya a kaɗa da yatsu ana kallon nota.

Ga halin da ake ciki. Ɗalibai 17, jita 3 ce a sito, ɗaya ma gadarta, wato katakon da ke riƙe tsirkiyoyi a cikin jitar, ta fara ɗagawa don wani bawan Allah ya ɗaura mata tsirkiyar ƙarfe tun kafin in zo, awa biyu kacal aka ba ni a sati. Yawancin yaran daga kwayar coci suka fito, kunne garau, ka rera musu abu sau ɗaya sun ɗauke, do re mi kam ba a magana, amma ka ajiye musu takarda mai layi biyar sai a koma kallon kallo. Huɗu sun iya kama kod su karkaɗa da filastik, wasu kuma har da mata uku ba su taɓa riƙe jita ba a rayuwarsu. Ni kaina wani tsohon malami ne ya ɗora ni a hanya sauran kuma littafi ne da YouTube, na dai yi jarabawar ABRSM, hukumar jarabawar kiɗa ta Ingila, har mataki na 6.

Me zan sa su yi a zangon farko, ya zan yi da ƙarancin kaya, kuma ya ake ba da maki a irin wannan abin ba tare da an ce ka yi son kai ba? Sannan wani babba a sashen ya ja ni gefe ya ce in rage ɓata lokaci a kan kiɗa in kama rubuta takardu don da su ake ƙarin girma, wai haka ne?

dalibi_a_Sifaniya:

Malam sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka. Ni ɗalibi ne ba malami ba amma bari in faɗa maka abin da nake gani a nan. Na farko dai kar ka ɗauko manhajar Turai ka ce da ita za ka auna yaranka, hawan jini kawai za ka ja wa kanka. A nan Sifaniya yaro yana shiga makarantar kiɗa yana ɗan shekara takwas haka, ya yi shekara 4 a matakin farko, ya yi 6 a na tsakiya, sannan ya nemi shiga babbar wadda ita ce daidai da digiri ita ma shekara 4, kuma jarabawar shigarta zama za ka yi gaban malamai ka kaɗa su ji, babu ruwansu da dogon turanci. Kaga kenan wanda suke kira ɗan aji ɗaya ya riga ya shekara goma da jita a cinya, kuma duk sati yana da lokacinsa shi kaɗai da malami a ɗaki. Kai kuwa naka ranar da suka zo ranar suka fara. Aikin malamin matakin farko za ka yi amma da manya, su sun fi yara saurin gane bayani, hannun ne dai ya riga ya sandare.

In ni ne watan farko gaba ɗaya zama da hannun dama kawai za mu yi. A zauna a bakin kujera, ƙafar hagu a kan wani abu, bulo ma ya isa ba sai an sayi matakin kanti ba, kwankwason jitar a cinyar hagu kanta ya taso sama da kafaɗa. Waɗancan huɗun da suka iya karkaɗawa wlh su za su fi ba ka wahala, don sun saba babban yatsan hagu yana leƙowa ta saman wuya, a kilasikal kuwa a bayan wuyan yake zama wajen tsakiya, wuyan ma ya fi na jitar ƙarfe faɗi sosai milimita 52 ne. Hannun dama yatsu huɗu ke aiki, su ne p i m a ɗin da kake gani a takarda, wato babba da manuni da na tsakiya da na zobe, ƙaramin hutawa yake. Ka raba musu bugu biyun nan tun wuri, wanda yatsa ke wucewa ya kwanta a tsirkiyar da ke biye da wanda yake tashi sama ba ya taɓa komai, kuma ka tsaya a kansu su riƙa musayar manuni da na tsakiya, don in ka kau da kai za ka ga mutum yana ta caka da yatsa ɗaya.

Littafi kuwa ba sai ka kashe ko sisi ba. Giuliani yana da atisaye 120 na hannun dama, kod biyu ne kawai C da G7 hagu ke ta maimaitawa don hankali duk ya koma dama, goma na farko sun ishe ka zango guda. Ka haɗa da ƙananan kiɗan Carulli. Atisayen Carcassi guda 25 ɗin nan da na Sor ka bari sai aji biyu ko uku. Duk mutanen nan sun mutu tun ƙarni na 19 saboda haka takardunsu kyauta suke a IMSLP, shafin takardun kiɗa na intanet, ka sauke ka buga. Na Leo Brouwer ɗan Kuba nasan yaran kwaya za su so su saboda salon bugun akwai jinin Afirka a ciki, amma shi yana da haƙƙin mallaka sai an saya.

Maganar karatun nota, wahalar jita ita ce sauti ɗaya yana zaune a wuri da yawa. E ɗin tsirkiya ta ɗaya a sake, shi ne dai a ta biyu gaɓa ta 5 (gaɓa ita ce tsakanin ƙarafan nan na kan wuyan jita), a ta uku gaɓa ta 9, a ta huɗu gaɓa ta 14, mai fiyano ba shi da wannan ciwon kan. To ka tsare su a gaɓoɓi huɗun farko duk zangon, kuma kar ka bari su saba da tab ɗin intanet, rubutun nan na lambobi da ke nuna inda za a sa yatsa ba tare da nota ba, wanda ya ɗanɗana shi da wuya ya dawo. Tunda sun iya solfa ka sa su rera layin da baki suna bin nota da yatsa kafin su taɓa jitar, wannan kunnen nasu Turawa da yawa a ajinmu ba su da irinsa.

Za su tambaye ka farce. Eh yawanci da farce ake kaɗawa yanzu, amma Sor kansa da tsokar yatsa ya kaɗa, Tárrega ma a ƙarshen rayuwarsa ya yanke nasa. Ni duk Juma'a nake gyara nawa ina barin ɗan kaɗan a dama wanda da kyar ya wuce tsoka in goge shi sumul. Hagu ne dai dole a yanke ƙwal. Kuma ranar farko ka kaɗa musu kiɗan wayar Nokia ɗin nan ka ce su faɗi wanda ya yi shi, daga Gran Vals na Tárrega aka ciro shi na 1902, za ka ga aji ya farka.

Anti_Dakta:

Ƙanena barka da shigowa, ni na daɗe a wannan aikin ko da yake murya da fiyano ne ɓangarena. Bayanin ɗanmu na Sifaniya ya yi, ni bari in yi maka na ofis.

Ka raba su gida uku, shida shida biyar, kowane gida minti 40, mutum biyu a jita ɗaya, ɗaya na kaɗawa ɗaya na kallon hannunsa yana tafa ƙidaya sai su yi musaya. Mai kallon nan yana koyon abin da ba ka zata ba don ya fi ganin kuskuren ɗan'uwansa a kan nasa. Amma gaskiyar magana minti 20 a sati ba ya mai da kowa makaɗi, atisayen kullum shi ne karatun, saboda haka ka buɗe littafin sa hannu a sito, ɗalibi ya ajiye katinsa ya ɗauki jita na awa ɗaya a nan cikin sashe, kar ka yarda a kai hostel ko da kuka mutum zai yi maka. Kuma ka faɗa musu tun yanzu wanda zai ci gaba da jita zuwa aji biyu sai ya mallaki tasa, wasu yarana adashi suka yi a tsakaninsu duk wata mutum ɗaya ya sayi kayansa.

Wani abu da ba wanda zai faɗa maka a mitin. Koyar da kayan kiɗa akwai gyaran hannu, ka ɗaga wuyan hannu ka lanƙwasa yatsa, kuma kana da ɗalibai mata. Ka riƙe fensir a hannunka da shi za ka nuna, ko ka kaɗa a gabanta ta kwaikwaya, ko ka sa 'yar'uwarta ta gyara mata, ƙofa a buɗe kullum, kuma kar ka yi wa kowa darasi shi kaɗai bayan an tashi. Ba don ina zarginka ba, bakin mutane ne ba shi da linzami.

Jarabawa kuma kar ka taɓa zama kai kaɗai. Ka roƙi malamai biyu ku zama uku, ka raba makin a takarda tun farkon zango ka manna a allo kowa ya gani, kaza na sikel, kaza na kiɗan da aka ba kowa, kaza na wanda ɗalibi ya zaɓa, kaza na karanta sabuwar nota nan take, sannan ka kafa waya ka ɗauki bidiyon kowa ka adana. Ranar da wani ya kai ƙara ko mai duba jarabawa na waje ya tambaya sai ka kunna masa kawai.

Maganar wancan babban naka akwai gaskiya a ciki, in ba ka da digirin digirgir da takardu a mujallu da wuya ka kai babban lakcara ko da yatsunka zinare ne. A Amurka suna da DMA, dakta ce ta masu kaɗawa wadda rabin aikin wasa ne a gaban jama'a, mu nan PhD aka sani. Amma ka je ka nemi littafin ƙa'idojin ƙarin girma na jami'arku ka karanta da kanka, a wurare da dama ana ba 'yan kiɗa da zane da wasan kwaikwayo maki a kan aikin fasaha, matsalar dai mutanenmu ba sa ajiye shaida. Duk wasan da ka yi ka adana takardar gayyata da ta tsarin shiri da bidiyo. Kuma kar ka ji wai jita ƙaramar aba ce a sashe, ko can ƙasashen nasu a makare ta shiga, makarantar kiɗa ta Juilliard da ake ji da ita a New York sai 1989 Sharon Isbin ta buɗe musu sashen jita, alhali mu nan jami'ar Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun 1961.

bako_227:

Ku gahwarce ni malamai, ni daga Yamai nike rubutu kuma ni ba mushen lakkwal ba ne, wato malamin makaranta, mai son kiɗi ne kawai. Abin da ban gane ba shi ne mi ya sa ɗiyanmu za su kwashe shekara huɗu suna koyon kiɗin Turawan da sunka mutu shekara ɗari biyu, ga gurmi ga garaya ga molo ga kuntigi muna kallo masu su na ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ɗan Maraya Jos da tsirkiya guda a kan gwangwani ya zagaya duniya. Shata har dakta anka ba shi a Zariya a 1988. Nan wajenmu marigayi Malam Maman Barka malamin makaranta ne, makaɗin gurmi, da ya ga biram, kayan kiɗi mai tsirkiya biyar ta mutanen Buduma na tafkin Chadi za ta ɓace sai ya tashi takanas ya tai wajen tsohon da ya rage ya zauna ya koya, ba don shi ba da yanzu sai labari, kuma shi ma ya rasu a 2018. Muna da CFPM, cibiyar koyar da kiɗi, nan Yamai an tara kayan kiɗin gargajiya amma matasa duk jitar lantarki ta Agadas suka so. To ku da ke da jami'a da albashi, in ba ku koyar da namu ba wa za shi yi? Kuma wai in yaran ga sun ƙare da wanga Carcassi wane aiki za su samu?

mai_gyaran_kaya:

Oga lakcara waccan mai tsirkiyar ƙarfen ka je ka kwance ta yau ɗin nan kar ka jira gobe. Ƙarfe yana ja kusan ninki biyu na nailan, ita kuma kilasikal gadarta manne take da gam kawai kuma yawanci babu sandar ƙarfe a cikin wuyanta, wata rana kana zaune za ka ji fau gada ta tashi da fatar katakon. Kar kuma wani ya ɗura mata sufa gulu, ɓata ta zai yi, cire gadar ake yi a kankare tsohon gam a sa gam ɗin katako a matse ta kwana.

Hunturu na tafe, danshin iska yana sauka ƙasa da kashi 20 a nan, jita kuwa wajen 45 zuwa 55 take so, shi ya sa kake ganin fuska ta tsage bakin gaɓoɓi suna yankar hannu. Ka sami soso ka jiƙa ka matse sosai ka sa a robar sabulu mai huji ka jefa a cikin jakar jitar ka zuge, duk kwana biyu ka duba. Kar a bar ta a but ɗin mota ko jikin taga. In sashe zai sayi ƙari ku sayi irin Yamaha C40, katakonta mai hawa-hawa ne ya fi jure yanayinmu a kan masu tsadar. Tsirkiya ta huɗu ita ta fi tsinkewa ku ajiye ta da yawa. Ukun sirara in ta ɓaci igiyar fatsa tana yi, 0.7 da 0.8 da 1.0 milimita, sautin ba zai kai ba amma aji ba zai tsaya ba. Sabuwar nailan tana yin kusan sati tana miƙewa kafin ta zauna, kar ka canza ana gobe jarabawa.

dalibi_a_Sifaniya:

Baƙonmu na Yamai ranka ya daɗe maganarka ta taɓa ni kuma ba na musu da ita, amma ni ban ga dalilin da zai sa a ce sai ɗaya ba. Akwai wani ɗan Afirka ta Kudu Derek Gripper, kilasikal ya karanta, ya zauna shekaru yana sauraron kora ɗin Toumani Diabaté na Mali mai tsirkiya 21 yana rubutawa har ya mai da ita kan tsirkiya shida, ya fitar da faifan a 2012. A Ghana ga Koo Nimo da jitar nailan yake kiɗan gargajiyarsu har jami'o'in Amurka sun ɗauke shi ya koyar. Villa-Lobos da Barrios ma ai abin da suka yi kenan da kiɗan Brazil da Paraguay. Ni abin da ke ci min rai duk sanda malamina ya ce kawo mana wani abu daga ƙasarku sai in rasa takarda ko ɗaya da zan ajiye masa. Wahalar dai da za a sha ita ce gurmi ba shi da gaɓoɓi, makaɗin yana sa yatsa inda kunnensa ya ce, wani sautin yana faɗawa tsakanin gaɓa biyu na jita, ga kuma kiɗan yana bin hawa da saukar maganar Hausa ne, in ka cire waƙar rabin abin ya tafi. Sai mai kunne da haƙuri, amma zai yiwu.

sabon_lakcara:

Kai jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Anti na kwafe maganarki kaf na ajiye. Mai gyara na kwance tsirkiyar ɗazu da yamma. Baƙo, aikin da suke samu yawanci koyarwa ne a makarantun kuɗi da coci da bandin soja ko na 'yan sanda, wasu situdiyo, kuma wanda ya iya karanta nota ya fi samun shiga a duk waɗannan. Amma maganar gurmin nan ta tsaya min a rai, akwai wani dattijo a garinmu da yake kaɗawa a bikin 'yan dambe da na mahauta, tun ina yaro nake jinsa. In na ce zan ɗauko kiɗansa in mayar kan jita in ba 'yan aji biyu, manhaja za ta bari kuwa? Kuma ya zan rubuta abin da in ya kaɗa yau gobe ba haka zai kaɗa shi ba?

Anti_Dakta:

Za ta bari mana. Sabon tsarin manhaja na hukumar jami'o'i NUC, wanda ake kira CCMAS, da aka ƙaddamar a ƙarshen 2022 kashi 70 ne suka tsara daga sama, 30 an bar wa kowace jami'a ta cika da abin da ya dace da yankinta, ka rubuta shi a matsayin kwas ka kai wa kwamitin sashe, kafin ya fito kuma ba mai hana ka sa shi cikin kiɗan zaɓi na jarabawa. Kuma ga batun digirinka nan ka samu a zaune, babban naka ma sai ya rasa abin cewa.

Rubutun kuwa kar ka ce sai ka kamo komai. Ka ɗauke shi a waya sau da yawa a ranaku daban-daban, abin da ka ji yana dawowa kullum shi ne gindin kiɗan shi za ka rubuta a MuseScore, manhajar kwamfuta ta rubuta nota, ƙawar da yake canzawa ka rubuta biyu ko uku a ƙasa ɗalibi ya zaɓa, ka bar musu rikodin ɗin su riƙa ji don takardar kaɗai ba za ta ba su ba. Ka je masa da goro da kanka kar ka aika ɗalibi, ka yi masa bayanin inda kiɗan zai je ka ji ko ya yarda, sunansa ya hau saman takardar, in kuma za ka kawo shi aji ka sa shugaban sashe ya sa hannu a kan kuɗin motarsa da na zamansa kafin ranar, don na sha ganin an gayyato dattijo ya kaɗa an tafa sannan a bar shi a bakin get yana jiran baucan da ba a ma rubuta ba.